Jagora ga ɗaliban Maraɗi masu neman mastar ko doktora a injiniyancin lantarki da kwamfuta

Duk shekara, da zarar an kafa sakamakon zangon ƙarshe na lisans a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin ɗaliban sashen lantarki: ina za a ci gaba? Wannan ya ji labarin bursin Turkiyya, wancan yayansa na Kano ya ce ya tsallako Jami'ar Bayero, wani kuma idonsa na kan Kanada. Yawancin waɗanda ake mayar wa da dosiye suna da ƙoƙari sosai. Abin da ke kayar da su shi ne neman gurbin da diplom ɗinsu bai kai ba, ko aika dosiye da takarda ɗaya mai matsala. Saboda haka aikin yana farawa ne daga takardun da ke cikin akwatinka, kafin ka buɗe shafin kowace jami'a.

Da farko, ka san nauyin diplom ɗinka

Nijar tana bin tsarin LMD, wato lisans, mastar, doktora, kamar sauran ƙasashen da ke cikin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska. Lisans shekara 3 ce bayan bak, zango 6, kredi 180. Mastar shekara 2, kredi 120. Doktora shekara 3 a ƙa'ida. Wanda ya tsaya a DUT ko BTS, wato diplom na fasaha da ake yi bayan bak, yana da shekara 2 ne kawai, kuma ba za a ɗauke shi mastar da su ba, sai ya cika lisans. Mai diplom ɗin injiniya irin na EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ke Yamai, yana matakin shekara 5, daidai da mai mastar wajen tsawon karatu.

A cikin ƙasashen da ke aiki da LMD, irin su Maroko, Tunisiya, Senegal da Burkina Faso, lisans ɗinka tana buɗe ƙofar shekarar farko ta mastar. Da ka fita daga wannan da'irar lissafi ya sauya. Digirin farko na injiniya a Najeriya shekara 5 ne. A Amurka shekara 4 ne, kuma jami'o'insu da yawa ba sa ɗaukar lisans ta shekara 3 a matsayin daidai da nasu. Mafita biyu ce. Ko dai ka ƙara shekarar farko ta mastar a gida, ka haɗa shekara 4 a takarda, ko kuma, idan Najeriya ka nufa, ka bi ta difloma ta gaba da digiri, wadda suke kira PGD, ka yi shekara guda kafin mastar. Ɗalibai kan ji haushin PGD, suna ganin koma baya ce. A ganina ga ɗan Nijar riba ce: a cikinta zai saba da karatu da Ingilishi, ya san malaman sashen, su ma su san shi.

Akwai kuma bambancin lisans ta sana'a, irin wadda ake samu a IUT, wato cibiyar koyar da fasaha ta jami'a, da lisans ta fakilte. Ta sana'a ta fi yawan aikin hannu da staj, ta fakilte ta fi zurfi a lissafi da fizik. Mastar ɗin bincike ya fi son ta biyu. Wannan bai rufe wa ɗan IUT hanya ba, amma dole ya san inda kwamitin zaɓen ɗalibai zai ɗaga gira idan ya buɗe takardunsa.

Abin da kwamiti ke nema a cikin relebe

Nan ne ya kamata ka zauna da biro da takarda. Jera relebe ɗinka, wato takardun makinka, daga zango na 1 zuwa na 6, ka karanta su kamar baƙon da bai san ka ba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne matsakaicin maki. A tsarinmu 10 cikin 20 ya isa ka wuce, amma gurbin mastar mai gasa yawanci daga 12 yake farawa, kuma masu ba da bursi sun fi kallon 14 zuwa sama. A Najeriya ana auna maki bisa 5: 4.5 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.5 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.4 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, kuma ta biyu ƙaramar nan ita ce mafi ƙarancin abin da galibin jami'o'i ke karɓa a mastar. A Amurka ana auna shi bisa 4, abin da ake nema kuma 3.0 ne ko fiye. Kada ka juya makinka da kanka ta hanyar raba 13 da 20 ka ninka da 4. Amsar da za ka samu, 2.6, za ta zalunce ka, domin kowa ya san 13 a hannun malamanmu ba ƙaramin maki ba ne. Bar shi yadda yake, ka haɗa da bayanin tsarin ba da maki na jami'arka. Idan sun buƙaci a tantance, za su tura ka wata hukuma irin WES, wadda wannan ne aikinta.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, ko da yake ɗalibai ba su cika kula da shi ba: a waɗanne darussa ka samu makin? Malamin da ke cikin kwamiti yatsansa kan analiz da aljebir yake fara sauka, sai proba, wato lissafin yiwuwa, sai darasin sigina inda aka koya maka sauyin Laplace da na Fourier. Daga nan ya duba da'irorin lantarki, maganaɗisu, elektronik da otomatik. Idan ɓangaren wutar lantarki mai ƙarfi kake nema, zai nemi elektroteknik, injinan lantarki da layukan rarraba wuta. Idan ɓangaren kwamfuta ne, zai nemi tsarin ginin kwamfuta, mikroprosesa, algoritim da yaren C. Ɗalibin da ke da 13 a jimlace amma yana da 15 a analiz da sigina ya fi mai 14 wanda rahoton staj da darasin Faransanci suka ɗaga shi, alhali lissafinsa ya tsaya a 8.

Dalilin a bayyane yake. Darasin mastar na makon farko zai ɗauka ka riga ka iya warware matiris, ka san lambobi masu ɓangaren zato, kuma ba ka tsoron lissafin bazuwar sigina. Babu mai komawa baya ya jira ka. Idan ka ga giɓi a nan, ka cike shi tun kana gida. Darussan MIT OpenCourseWare kyauta ne a intanet, ka sauke su da dare lokacin da layi ya yi sauƙi. Ka koyi Python, sannan ka saba da manhajar lissafi ta MATLAB, ko Octave da Scilab waɗanda ba sa buƙatar kuɗin lasisi. Wasu jami'o'in sukan ɗauki ɗalibi da sharaɗin ya maimaita darasi biyu ko uku na digirin farko. Waɗannan ba sa shiga lissafin kredin mastar, amma za ka biya kuɗinsu kuma za su ci maka lokaci.

Zaɓin reshe, sannan zaɓin ƙasa

Fannin yana da faɗi: samar da wuta da rarraba ta, hasken rana, sadarwa, sarrafa injina, ƙananan kwamfutocin da ake dasawa cikin na'urori, sarrafa sigina da ƙirƙirarriyar basira. Zaɓi ɗaya kafin ka zaɓi ƙasa. Wanda ya fara da "ni dai Turai" yakan ƙare a sashen da babu malamin abin da yake so.

A gida akwai Jami'ar Abdou Moumouni da EMIG a Yamai. A Wagadugu akwai makarantar injiniyanci ta 2iE, mai sashen lantarki da makamashi. Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tafiyar yini ce ko ƙasa da haka daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya, ga Hausa a kasuwa da unguwa, ga abincin da cikinka ya sani. Wurin da ɗalibanmu ba su cika sani ba shi ne reshen Jami'ar Carnegie Mellon da ke Kigali a Ruwanda, wanda ke ba da mastar a injiniyancin lantarki da kwamfuta da Ingilishi, kuma akwai tallafin karatu ga ƴan Afirka. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyar kimiyya da fasaha a Kenya da ta makamashi da ruwa a Tlemcen ta Aljeriya. Ga mai son Kanada da Faransancinsa, jami'o'in Kebek irin su Laval, Sherbrooke da Polytechnique Montréal da shi suke koyarwa. Faransa kuwa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai tun farkon 2024, don haka hanyar da yayyenmu suka saba bi ta yi wuya ƙwarai.

Harshe

Inda ake koyarwa da Ingilishi za a nemi IELTS ko TOEFL, jarrabawar gwada iya Ingilishi. A IELTS galibi 6.5 cikin 9 ake so. Sakamakon kowannensu shekara 2 yake aiki, kada ka yi gaggawar rubutawa tun kana shekara ta biyu. Jarrabawar GRE kuwa, ta neman shiga karatun gaba da digiri, sassa da yawa sun daina tilasta ta tun 2020, ka duba shafin sashen kafin ka kashe kuɗi. Ingilishin da ka tsinta a kasuwar Jibiya zai taimake ka a tasha, amma jarrabawar tana neman ka saurari lacca ka rubuta bayani cikin ƙayyadadden lokaci, kuma wannan yana son horo na watanni.

Haɗa dosiye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'o'in Amurka da Kanada da yawa suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Fabrairu don karatun da zai fara a Agusta ko Satumba. Bursin gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi a Janairu a rufe a Fabrairu, yana neman kashi 75 cikin 100 na maki, shekarun mai neman mastar kada su kai 30, na doktora kada su kai 35. Guraben haɗin gwiwa na ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ta hannun ANAB, hukumar bursi ta Nijar, suke biyowa, sai ka riƙa bibiyar sanarwarta. Duk inda ka nufa, ka ba kanka shekara guda.

Ga abin da kusan kowa ke nema: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, fasfo, diplom ɗin bak da relebensa, relebe na kowane zango, diplom ɗin lisans, takardar tarihin karatu da aiki, wasiƙar bayyana manufa, da wasiƙun malamai biyu ko uku. Wasu kan ƙara takardar likita da ta kotu mai nuna ba ka da laifi. Ta kotun wata 3 kawai take aiki, ita za ka karɓo a ƙarshe.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama ƴan ƙasarmu: suna. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a bak Mamadou, a fasfo Mohamed. A wata sunan uba ne a gaba, a wata sunanka. Wani kuma takardarsa ta hukuncin kotu ce mai shekara kawai, sannan aka sa masa rana da wata dabam a fasfo. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikaciyar da ke tantance dosiye a Ankara ko Montreal ba ta sani ba, kuma ba za ta kira ka ta tambaya ba. Shimfiɗa takardunka duka ka kwatanta su harafi da harafi. Idan akwai saɓani, je ka nemo takardar hukuma mai shaida cewa sunayen na mutum ɗaya ne, ko a gyara tun daga tushe. Fasfo shi ne ma'auni, yadda aka rubuta a cikinsa haka za ka cika kowane fom.

Sai batun diplom na dindindin, wanda yakan yi jinkirin fitowa. Takardar shaidar cin jarrabawa tana isa wajen nema, amma ranar rajista wasu jami'o'in za su ce sai ainihin diplom, don haka ka shigar da buƙatarsa tun yanzu. Kofen takardu a kai su meri ko kwamisariya a buga musu hatimi. Fassara zuwa Ingilishi kuma ta mai fassara da hukuma ta rantsar ake karɓa, ba ta abokinka malamin Ingilishi ba, komai iyawarsa. Mai zuwa Najeriya ya sani ana iya tura shi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja don a tantance matsayin diplom ɗinsa. Ka ɗauki hoton kowace takarda da na'urar sikana, ba da waya a kan tabarma da inuwar hannunka a gefe ba.

Wasiƙar manufa da ta malamai

Kusan duk wasiƙun da kwamiti ke karantawa da magana ɗaya suke farawa: tun ina yaro nake son lantarki, ina so in taimaki ƙasata. Kai kana da abin faɗa da ya fi wannan. Wutar Maraɗi da Damagaram ta dogara ne da layin kilobolt 132 da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023. Akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai megawat 30. Akwai ƙurar hunturu da ke rufe farantan hasken rana, da zafin Afrilu da ke rage ƙarfinsu yana kashe batura. Waɗannan tambayoyin bincike ne na gaske. Ɗauki ɗaya, ka faɗi abin da ka riga ka yi a kanta, ko da a memwar, wato kundin kammala lisans, ne ko a staj: me ka auna, da wace na'ura, me ya fito. Sannan ka ambaci malamin sashen da aikinsa ya dace da naka, bayan ka karanta aƙalla maƙalarsa ɗaya. Shafi ɗaya zuwa biyu ya wadatar.

Wajen wasiƙar malamai, wanda ya duba memwar ɗinka ya fi shugaban da bai san fuskarka ba. Je ka same shi da kanka wata guda kafin wa'adi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Malam, ina neman gurbin mastar a wuri kaza, ko za ku taimaka mini da wasiƙa?" Ka bar masa relebe da wasiƙar manufarka. Jami'o'i da yawa saƙo suke aika wa malamin ya ɗora wasiƙar da kansa, saboda haka ka tabbatar da adireshin imel ɗin da yake buɗewa, ka kuma tuna masa cikin ladabi idan lokaci ya matso.

Kuɗi da biza

Samun gurbi dabam, samun abin biya dabam. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma don biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara a asusu na musamman, yuro 11,904 a 2025, kusan sefa miliyan 7 da dubu 800. A Amurka ɗaliban doktora galibi ana ɗauke musu kuɗin makaranta a biya su albashi a matsayin mataimakan malami ko na bincike, amma ɗan mastar ba kasafai yake samun haka ba. Kafin ka biya kuɗin fom na kowace ƙasa, ka fara tabbatar da cewa tana ba masu fasfon Nijar bizar karatu a wannan lokacin, da kuma garin da za ka je neman ta. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka bursi, ka riƙe kuɗinka.

Bayan an shiga: me ake nema kafin a ba ka mastar?

Wannan ɓangaren ya kamata ka karanta tun kafin ka nema. Kowane sashe yana da kundin ƙa'idojin ɗaliban gaba da digiri a shafinsa.

A LMD kredi 30 ne kowane zango. Zango uku na darussa, na huɗu na staj ko bincike, sai memwar da sutnans, wato kare kundin a gaban kwamitin malamai. Wucewa daga shekarar farko zuwa ta biyu ba koyaushe take zuwa kai tsaye ba, wasu wuraren sai an sake tacewa. A Najeriya makin cin darasi a wannan mataki 50 ne cikin 100. Za ka gabatar da semina, ka kare shawarar bincikenka, a ƙarshe malami daga wata jami'a ya zo ya yi maka tambayoyi a kan kundinka. A Amurka mastar galibi kredi 30 ne nasu, wanda ba daidai yake da namu ba, darasi ɗaya yakan zama kredi 3. Akwai hanyar darussa zalla, akwai ta kundi inda kusan kredi 6 ke tafiya ga bincike. Dole matsakaicinka ya tsaya a 3.0. Idan ya faɗi ƙasa za a ba ka gargaɗi, idan bai tashi ba a sallame ka, bizarka kuma ta bi shi. A Kebek mastar kredi 45 ne.

Idan kana da niyyar doktora ko koyarwa a jami'a, ɗauki hanyar kundi ko da ta fi tsawo. Mastar ɗin darussa zalla yana da kyau ga mai son aiki a NIGELEC ko kamfanin sadarwa, amma ba ya bar maka abin da za ka nuna wa malamin bincike.

Doktora

A nan malami ake nema kafin makaranta. A tsarin CAMES wanda zai jagoranci kundin doktora sai mai babban matsayi, farfesa ko mai bi masa. Idan ya amince da kai da batunka, sai ka yi rajista a makarantar doktora, wadda yawanci ke neman mastar ɗin bincike da aƙalla 12 cikin 20. Za a riƙa duba ci gabanka duk shekara, ana kuma sa ran ka buga maƙala a mujallar da masana ke tacewa kafin a ba ka izinin sutnans. A Amurka ana iya shiga doktora daga digirin farko, amma tafiyar takan kai shekara 5: darussa, jarrabawar cancanta a shekara ta farko ko ta biyu, kare shawarar bincike, sannan kare kundi. Wanda ya faɗi jarrabawar cancanta sau biyu galibi da mastar ake sallamarsa.

Kafin ka amince da malami, tambayi ɗalibansa a keɓe: yana karanta abin da aka ba shi? Ɗalibansa na kammalawa a kan lokaci? Akwai kayan aiki a ɗakin gwajin, ko a takarda kawai suke? A fanninmu wannan ta ƙarshen tana da nauyi, domin binciken inbata, wato na'urar juya wutar batir zuwa ta gida, ko eriya ba ya yiwuwa da allo da alli kaɗai.

Idan a waje ka yi karatun kuma kana son shiga aikin gwamnati ko koyarwa a gida, za a nemi ka kai diplom ɗin ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai don a ba shi daidaito da na ƙasa. Saboda haka kada ka baro can sai da ainihin diplom, relebe na kowane zango mai hatimi, kwafin kundinka, da takardar da ke bayyana abin da kowane darasi ya ƙunsa da yawan awoyinsa.